Itatuwan da Tsaf Ya Jefar

Ba a taɓa ganin ciyawa ta kwana biyu a gonar Tsaf ba. Daga nan sunan ya samo asali, tun yana saurayi, har aka manta da sunansa na ainihi. Kunyoyinsa a miƙe suke kamar da zare aka ja su. Fartanyarsa kullum a wanke take, a rataye jikin ƙusa guda a bayan ƙofa. Ko hularsa ce ta karkace, sai ya tsaya ya gyara ta kafin ya amsa gaisuwa. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Sai dai akwai gefen da ba ya son ɗaga kai ya kalla idan yana noma, gefen gabas, inda gonar ƙanensa take.

Ƙanen nan Mai-Hamma ake ce masa, kuma shi ma ba a zalunce shi a sunan ba. Yakan fito gona bayan rana ta ɗaga, ya yi kunya uku, ya jingina da ƙotar fartanya yana kallon tsuntsaye. Ba ya faɗa da kowa. Duk abin da aka ce ya yi, amsarsa ɗaya ce: "To, in Allah ya kai mu gobe."

Ƙasar da suke nomawa ba tasu ba ce, ko kuma a ce ta taɓa zama tasu kafin takarda ta zo. A zamanin kakansu, wanda ya sare daji ya cire kututture shi ke da wuri, maƙwabta su ne shaida, magana ta ƙare. Sai wata shekara aka ce kowa ya je ofis ya rubuta filinsa. Ofishin tafiyar kwana biyu ne, kuma lokacin shuka ne, ruwa ya riga ya sauka. Mutum ɗaya ne a yankin yake da abin hawa da ɗan da ya iya karatu. Ya tafi, ya dawo, bai ce wa kowa komai ba. Bayan girbi aka wayi gari duk kwarin nan, daga bakin rafi har gindin dutse, sunan gidansa ke kai. Babu wanda aka kora. An dai ce kowa ya ci gaba da nomansa, amma daga ranar haya yake yi, kuma kowace kaka akwai kason mai fili.

Sharuɗɗa uku aka karanta musu. Ɗan haya ba ya haƙa rijiya, ba ya gini da bulo, ba ya dasa itace. Na ukun ne aka fi tsanantawa, domin itace ya fi mutum daɗewa, kuma wanda ya dasa wata rana bakinsa zai iya cewa nan nawa ne. Kowane ƙarshen damina wakilin mai fili yakan zagaya gonaki da sandarsa, yana ɗaga ganye yana leƙawa. Mahaifin su Tsaf ya ga lokacin da aka tashi wani maƙwabcinsa da iyalinsa kaf saboda lemo guda da bai kai ƙugu ba. Bai taɓa mantawa ba, bai kuma bar ’ya’yansa sun manta ba.

Da tsohon ya rasu, wakili ya zo ya raba gonar biyu, ya sa aka jera duwatsu a tsakiya. Yamma ta faɗa wa Tsaf, tudu ne, kuma hanyar kasuwa ta bi ta gefensa. Gabas ta faɗa wa Mai-Hamma, ɗan gangare mai riƙe danshi.

Hanyar nan ita ce wahalar Tsaf. Masu wucewa su sha mangwaro su wurga ƙwallon cikin gonarsa. Awaki da tsuntsaye su kawo nasu irin. Da ruwa ya zauna sai ka ga ’yan tsirrai sun ɗago kai nan da can tsakanin masara. Shi kuwa ba ya fizgar tsiro da hannu, don kada saiwa ta katse ta sake tohowa. Sai ya zagaye shi da bakin fartanya, ya ɗago shi da curin ƙasarsa gaba ɗaya, ya taka zuwa layin duwatsu, ya ware hannu ya cilla shi cikin duhuwar ciyawar ƙanensa.

"Ga naka nan," yakan ce. "Haɗa da sauran dajinka."

"Na gode, Yaya," in ji Mai-Hamma daga inda yake kishingiɗe.

Yawancinsu suka bushe a inda suka faɗi. Amma wanda ya dace ya sauka da gindinsa cikin laka, ciyawa ta rufe shi daga rana, sai ya kama. Tsaf ya ga na farko ya kai gwiwa, ya yi wa ƙanensa magana. Ya kai ƙirji, ya sake yi masa magana, har da tuna masa mai lemon nan da aka tasa.

"Zan cire, Yaya. In Allah ya kai mu gobe."

A cikin shekarun nan wakili ya tsufa, gwiwa ta hana shi shiga gangare. Wanda ya gaje shi kuwa a bakin hanya yake tsayar da mota, a kawo masa kason mai fili, ya juya. Daga bakin hanya gonar Tsaf ake gani, fes, ba ko tsinke. Abin da ke bayanta babu wanda ya tambaya.

Haka itatuwa suka tashi a gabas, har goma sha ɗaya: mangwaro huɗu, gwaiba uku, tsamiya, darbejiya biyu, da ɗan lemo a ƙarshe. Mai-Hamma ya samu inda zai riƙa yin hammarsa a sanyi. Matarsa ta fara kai kwandon mangwaro kasuwa. ’Ya’yansa suka ɗaura lilo a reshen tsamiya. Da tsakar rana Tsaf yakan zauna a tsakiyar gonarsa, malafa a ka, gumi na ɗiga cikin kwanon abincinsa, inuwa tana taku goma daga gabansa.

"Yaya, tsallako mana! Rana za ta dafa ka."

"Nan ma ya ishe ni."

Shekara talatin da ɗaya bai tsallaka ba. Idan aka aiko da mangwaro gidansa, yara su sha, shi ya ce haƙorinsa ba ya so. A ransa ya san ranar tana zuwa da za a ga itatuwan nan, a ɗaure wa ƙanensa kaya a ka. Ba ya fatan haka, Allah ya sani. Ya ma riga ya shirya ɗakin da zai sauke su, da maganar da zai faɗa musu, mai taushi, wadda babu "ai na faɗa maka" a cikinta sai sau ɗaya. Ranar dai ba ta zo ba.

Abin da ya zo wata doka ce sabuwa. A rediyo aka fara jin ta, sannan aka liƙa ta a ƙofar ofishin filaye, wanda yanzu tafiyar awa ɗaya ce a mota. Duk ɗan hayan da ya shekara ashirin yana noma wuri ɗaya, za a rubuta masa wurin ya zama nasa. Sai dai jikokin mai fili sun ce su ba su taɓa barin kowa ya daɗe haka ba, kowace shekara uku suna canza ’yan haya. Rasit kuwa ba a taɓa ba kowa ba tun zamanin kaka. Don haka doka ta ce a kawo shaidar da ido zai gani a kan ƙasar: rijiya, ko gini, ko itace. Maganar ɗan'uwa ba ta shiga, tunda kowa zai tsaya wa nasa.

Mai awo ya zo da tef ɗinsa da littafinsa. Ya shiga gonar Mai-Hamma, ya rungumi babban mangwaron hannuwansa suka kasa haɗuwa, ya yi dariya ya rubuta. Ya tsallako yamma, ya tsaya ya duba hagu ya duba dama.

"Baba, gonar nan taka kamar jiya aka share ta."

Tsaf ya gyara hula, ya ce, "Haka muke ƙoƙari." Sai da ya ga mutumin ya rufe littafi bai rubuta komai ba, sannan ya gane abin da maganar take nufi.

Bayan wata biyu aka ba Mai-Hamma takarda mai jan hatimi. Ya kai aka sa mata gilashi, ya rataye ta a ɗakinsa sama da rediyo. Dole Tsaf ya je taya murna, ai shi ne babba. Ya shiga ya zaɓi kujerar da ta ba bangon baya. Sai dai kabad ɗin kwanukan matar ƙanen nasa yana fuskantarsa, kuma ƙofar kabad ɗin gilashi ce. Duk inda ya kai ido, ga jan hatimin nan yana kallonsa daga tsakanin kofuna.

"Yaya, juyo ka gani mana. Har da taswira, sun zana itatuwan ɗaya bayan ɗaya."

"Na gani."

"Ina ka gani, ka ba ta ƙeya? Ke, kawo wa Yaya shayi. Wallahi ni ban san barci yana da lada haka ba."

Matar ta ce, "Kai dai ka iya bakinka."

"To me na ce? Yaya, kada ka sa komai a ranka. In sun karɓe taka, ga tawa nan, mu raba. Kai ka riƙa noma, ni in riƙa yi maka addu'a daga inuwa."

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Da ma da mugunta ya faɗa, da ta fi sauƙin haɗiya. Tsaf ya kurɓi shayin sau biyu, ya ce ya baro aiki a gona, ya fita.

A gida ya zama wani iri. Ya ce wa matarsa tsintsiya ba nan take zama ba. Ya ce gishiri bai ji ba, washegari ya ce ya yi yawa. Ita kuwa ta shekara talatin tana karanta fuskarsa, ta bar shi ya gama, sannan ta ce:

"Malam, gishirina bai canza ba. Bangon ɗakin ƙanenka ne ya canza."

"Ni me ya dame ni da bangonsa?"

"Ban ce ya dame ka ba."

Can ya ce, kamar da fartanyar da ke rataye yake magana, "Mutum ya bi doka tun yana da baƙin gashi. Bai taɓa barin ko tsinke ba. Wani ya kwanta."

"Ya kwanta," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗenta.

Wa'adin kawo shaida saura mako uku sai ga jikan mai fili da kansa. Matashi ne mai fara'a, takalminsa yana ƙyalli, ya tsaya a bakin hanya bai shigo kunya ba. Ya gaida Tsaf da ladabi, ya yabi gonar, ya ce kakansa yakan ce a duk kwarin nan babu ɗan haya irinsa. Sannan ya rage murya.

"Baba, akwai wani sashe a dokar nan da mutane ba su lura da shi ba. Wanda ya karya sharaɗin haya da hannunsa ba shi da rabo. Mun shigar da ƙorafi a kan takardar ƙanenka. Shaida kawai muke nema, wanda ya ga ya dasa."

"Ai an ce maganar ɗan'uwa ba ta shiga."

"In taimako ce ba ta shiga. In suka ce, tana shiga." Ya yi murmushi. "Kai kuma, in mai fili ya sa hannu cewa ka shekara talatin da ɗaya a nan, ba ka bukatar ko ganye ɗaya. Ni ne mai sa hannun. Gaskiya kawai za ka faɗa, Baba. Itatuwa dai ga su can, ba aljanu suka shuka su ba."

Tsaf bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ya dai tambayi ranar zaman.

Makonnin nan uku ya yi noma kamar mai faɗa da ƙasa. Yana kai ƙarshen kunya sai ya tsaya a layin duwatsu, abin da bai saba ba, ya ƙare wa itatuwan kallo. Ya gaya wa kansa cewa doka doka ce. Ya gaya wa kansa cewa ɗakin nan da ya shirya yana nan, kuma ba zai bar ’ya’yan ƙanensa su kwana da yunwa ba. Shi ma zai ce, ga tawa nan, mu raba. Ya gwada maganar a bakinsa sau da yawa, ya ji ta fi daɗi idan daga wajensa ta fito.

Ranar zama matarsa ta goge masa riga, ta miƙa masa hula. Ba ta tambaye shi abin da zai faɗa ba. Ta ce kawai, "Allah ya sa ka dawo ka iya cin abinci."

Ofishin filaye ɗaki ne dogo, da benci biyar, da fanka mai ƙara a sama, da kabad-kabad da fayil ya hana su rufuwa. Jami'ar da ke sauraron ƙorafi mace ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Jikan mai fili yana gefe ɗaya da lauyansa. Mai-Hamma yana ɗaya gefen, ya rungume takardarsa da gilashinta gaba ɗaya, domin bai san yadda ake ciro ta ba. Da ya ga yayansa ya shigo sai fuskarsa ta washe.

"Yaya! Ashe za ka zo. Matso nan, akwai wuri."

Tsaf ya zauna a bencin baya.

Jami'ar ta buɗe fayil, ta daɗe tana kallon hotunan da mai awo ya ɗauka. Ta ce, kamar da kanta take, "Kai, amma itatuwan nan sun yi kyau. Duk wanda ya dasa su hannunsa yana da albarka." Ta ɗago ta dubi Mai-Hamma.

Shi kuwa bawan Allah, wanda ba a taɓa yabon hannunsa ba tun da aka haife shi, sai ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya shafa gemu, ya ce, "To, ranki ya daɗe, ɗan abin da aka iya ne."

Wanda ke kusa da Tsaf ya ce ya ji bencin ya motsa.

Aka kira shi. Ya fito ya tsaya, ya gyara hula. Lauya ya matso da murya mai laushi.

"Baba, kai ne maƙwabcinsa na iyaka. Ka tabbatar wa wannan zama cewa ƙanenka ne, da hannunsa, ya dasa itatuwan nan goma sha ɗaya, ya raine su har suka zama abin da ake gani a hoto?"

Kalma ɗaya ake nema, kuma da ita ya fito daga gida. Ya buɗe baki. Ya dubi ƙanensa, wanda har yanzu murmushin yabon bai bar fuskarsa ba.

"Shi?" in ji Tsaf. "Shi ya dasa?"

"Abin da muke tambaya ke nan, Baba."

"Ranki ya daɗe, wannan da kike gani ko barkono bai taɓa dasawa ya kama ba! Hannu mai albarka? Hannun da ba ya fita daga ƙarƙashin kai? Ni ne! A gonata suka tsiro, ni na haƙo su da ƙasarsu, ni na cilla masa. Ɗaya bayan ɗaya. Shi abin da ya yi musu kawai bai tashi ba!"

Lauya ya ce, "Baba, dakata, ka fahimci tambayar..."

"Na fahimta sarai. Shekara talatin ina kallonsa yana kwance a ƙarƙashin aikina, yau kuma a gabana a ce masa hannu mai albarka, har yana shafa gemu!"

Dariya ta ɓarke a bencin baya. Mai-Hamma ya ce, "Yaya, ai ban ce ni ne ba. Cewa na yi ɗan abin da aka iya."

"Me ka iya?"

Jami'ar ta ƙwanƙwasa tebur da biro. Ba ta yi dariya ba, sai dai ta cire tabarau ta goge. Ta ce, "Baba, ka san abin da ka faɗa zai iya juyowa kanka? In kai ka sa su a ƙasar, kai za a tuhuma."

Sai a lokacin Tsaf ya tuna da sa hannun da aka yi masa alkawari. Ya dubi jikan mai fili, ya ga yaron yana kallon fanka. Amma magana ta riga ta fita, kuma ko da za a mayar da ita, ba zai yarda a mayar wa Mai-Hamma da yabon ba.

"Ni ban sa su ba, ranki ya daɗe. Cirewa na yi, kamar yadda aka ce. Inda suka faɗi kuma ba gonata ba ce."

"To, wanne ka fara jefawa?"

"Babban mangwaron. Daminar da mahaifinmu ya rasu."

"Sai wanne?"

Ya lissafa mata su kamar mai kiran sunayen ’ya’yansa. Tsamiya, shekarar da rafi ya cinye gada. Gwaibar da ta karkace, shekarar da aka haifi ’yarsa ta fari, ranar ma yana sauri ne shi ya sa ta faɗi a gicciye. Darbejiya biyu a damina ɗaya, shekarar da aka yi fari, su kaɗai suka rayu cikin kusan ashirin. Haka har ya zo kan ɗan lemon, shekara huɗu da suka wuce, lokacin da kafaɗarsa ta fara ciwo. Tana rubutawa. Da ya gama ta juya ga Mai-Hamma ta ce ya faɗi nasa lissafin.

"Ranki ya daɗe, ni dai na farka na gan su."

Ta ɗage zaman, ta ce za ta je ta gani da idonta.

Bayan kwana shida ta zo da mai awo, da rabin mutanen kwarin a bayansu. Jikan mai fili ma ya zo, wannan karon dole ya shiga gangare. Ta sa aka auna kaurin kowane itace, aka jera daga babba zuwa ƙarami. Jerin ya fito daidai da yadda Tsaf ya lissafa, babu wanda ya tsallake wani. Sannan ta ce a auna nisan kowanne daga layin duwatsu. A nan ne mai awo ya tsaya ya cire hularsa ya sosa kai. Babban mangwaron shi ya fi nisa, can cikin gonar, jifan saurayi mai ƙarfi. Tsamiya ta ɗan matso. Gwaiba ta ƙara matsowa. Kowane itace ya fi wanda ya girme shi kusa da iyaka, har zuwa ɗan lemon, wanda taku uku ne tsakaninsa da duwatsun. A sauran gonar Mai-Hamma kuwa, inda jifa ba ya kaiwa, babu itace ko ɗaya.

"Baba," in ji jami'ar, "ɗauki curin ƙasa ka jefa mu gani."

Ya tsaya inda ya saba tsayawa. Ya naɗe hannun riga, ya ware iya ƙarfinsa, don akwai mutane. Curin ya tashi, ya sauka a gindin lemon, bai ma kai shi sosai ba.

"Yaya, tsufa ya zo," in ji Mai-Hamma.

"Rufe min baki."

Jami'ar ta rubuta abin da ta rubuta a tsaye, littafin a kan cinyar mai awo. Wanda ya cire bai karya sharaɗi ba, wanda ya kwanta bai dasa ba. Kuma hannu ɗaya ne ya yi jifan nan daga wuri ɗaya, tun yana da ƙarfi har ya gaji, abin da ba ya yiwuwa ga wanda ake canzawa kowace shekara uku. Jikan mai fili ya koma mota yana kankare laka daga takalminsa da tsinke.

Kafin ta tafi Tsaf ya bi ta har bakin hanya, ya rage murya.

"Ranki ya daɗe, to itatuwan fa? Tunda an tabbatar..."

"Suna ƙasar ƙanenka, Baba."

"Ko mangwaron nan babba?"

"Har shi."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa farashin abin da dama ya san ba zai saya ba.

Takardarsa ta fito bayan wata biyu, da jan hatimi irin na wancan. Taswirarta fili ne fari fat, babu zanen komai a ciki. Ya kai wa mai gilashi, ya tsaya a kansa, ya ce a yi katakon ya fi na Mai-Hamma faɗi da yatsa biyu. A ranar ya ci abinci har ya nemi ƙari, bai ce komai a kan gishiri ba. Maganar da ya je ofis da niyyar faɗa kuwa, bai taɓa gaya wa kowa ba. Matarsa ba ta tambaya ba. Mai-Hamma har yau yana ba mutane labarin yadda yayansa ya tashi a gaban hukuma ya cece shi, kuma duk lokacin da ya fara, Tsaf yakan tuna da wani aiki da ya bari.

Da damina ta dawo, wata safiya ya tarar da ɗan tsiron mangwaro a gefen hanya, ganye biyu jajaye, ƙwallon ma bai gama ruɓewa ba. Kafin ya yi tunani fartanya ta riga ta zagaye shi rabi. Ya tsaya a sunkuye. Ya daɗe a haka, har wata mai wucewa ta tambaye shi ko bayansa ne ya riƙe. Sannan ya mayar da ƙasar da hannu, ya danna, ya je ya saro ƙaya ya kewaye shi, da'ira daidai kamar an zana.

Daga gabas murya ta taso cikin hamma.

"Yaya! Shekara nawa kafin wannan ya yi inuwa? Tsallako ka jira a nan!"

Tsaf ya ci gaba da gyara ƙayarsa. Amma da rana ta take, aka ga ya ɗauki kwanon abincinsa, ya taka zuwa layin duwatsu, ya tsaya, ya ɗaga ƙafa ya wuce. Ya zarce har gindin babban mangwaron, ya dubi inda ƙanensa yake kwance.

"Matsa. Nan ne ya fi sanyi, kuma ka san wanda ya jefo shi."

Mai-Hamma ya mirgina gefe. Tsaf ya share wurin da tafin hannu, ya zauna, ya jawo kwandon da ke kusa, ya juya mangwaron ciki ɗaya bayan ɗaya har ya samu wanda ya fi girma. Ya gatsa, ya tauna, ya ɗan yamutsa fuska.

"Nawa zai fi wannan zaƙi," in ji shi, ya sake gatsa.